Yadda Delbert Ya Gyara wa Gwaggo Haƙora

Ƙanin matata Delbert ba maƙaryaci ba ne, ina so a san wannan tun farko. Mutum ne dai da ke ba da labarin abin da zai yi kamar ya riga ya yi shi, shi kuwa aikin sau da yawa ba ya samun labarin an gama shi.

A dajin da ke bayan garinmu, can cikin duwatsun Idaho ta Amurka, doka ta hana shiga da duk abin da ke da inji. Saboda haka in dusar ƙanƙara ta narke ta bar itatuwa kwance a kan turba, sai mu 'yan sa kai mu koma wa zarton kakanni, dogon nan mai mariƙi biyu, mutum ɗaya nan, ɗaya can. Ni na shiga aikin ne bayan na ajiye alli. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi, don haka gungumen da ba ya motsi ba baƙona ba ne.

Zarton da ya fi kowanne a ƙungiyarmu sunansa Gwaggo, kuma ba wanda ke ce mata "shi" a gaban mai ita. Ta haura shekara ɗari, ta fi ni tsawo, an daina ƙera irinta tun ba a haife ni ba. Mai ita Orval ne, ɗan shekara saba'in da tara, shi kaɗai ya iya wasa irin wannan zarto a duk yankinmu.

Ranar wata Talata muna shan gahawa a gidan abincin bakin titi, Orval ya ɗaga kofinsa, muka ga gahawar tana kaɗawa.

"Kun gani ko? Hannu ya fara rawa," in ji shi. "Magagari kuwa ba ya shiri da hannu mai rawa. Ranar Asabar mutanen gari za su hau tafkin Moffat cin abincin shekara. Ku je da Gwaggo ku buɗe musu turba. Ni gwiwata ba za ta kai ni ba sai a kan alfadari, zan zo tare da su. Ranar zan miƙa ta ga wanda na ga ya cancanta."

Duk muka dubi Twyla, mai alfadarai, wadda ta yi shekara goma sha ɗaya tana jan ɗaya ɓarin Gwaggo. Duk ban da Delbert, wanda ya dubi kansa a gilashin taga. Katifu yake sayarwa, kuma makonsa uku da shiga ƙungiya.

"Tsoho, kwantar da hankalinka, ta zo hannu," ya ce. "Kakana da zarto ya kwana da zarto ya tashi. A jinina abin yake. Itace nawa ne a turbar?"

"Goma sha huɗu," in ji Twyla.

"Yini ɗaya. In na yi sammako har na ɗan kama kifi."

Na san kakan nasa. Wanzami ne, a bayan tashar mota. Amma surukuta ta koya mini cewa ba kowace gaskiya ke buƙatar fitowa ranar Talata ba.

Muka tashi ranar Alhamis mu uku, da alfadarin Twyla mai suna Sanata, wanda aka raɗa wa sunan saboda cinsa da yawa, tafiyarsa kaɗan. Al'adarmu ita ce a sa zarto cikin kubensa na tsohon tiyon 'yan kwana-kwana, a cire mariƙin baya, mai ɗauke da shi kuma ya zama na ƙarshe a layi. Delbert ya ce jagora ba ya bin baya. Ya saɓa Gwaggo a kafaɗa da mariƙanta biyu, ya shige gaba.

Zarto mai tsawon nan ba ya tafiya shiru. Kowane taku Delbert ya yi, sai Gwaggo ta lanƙwasa ta miƙe, tana wani kuka, wuwww, wuwww. Kafin mu yi mil guda mariƙin baya ya cire wa Twyla hula sau biyu. A karo na uku ya kama reshe, Delbert ya ci gaba da tafiya, kafaɗarsa ta ƙi bin sa, ya zauna daɓas a cikin taɓo.

"Ina duba ƙasar ne," ya ce. "Akwai danshi."

"Mun gode da rahoto," in ji Twyla. "Tashi kar Sanata ya ɗauka dutse ne."

Itacen farko bai fi kaurin ganga ba. Ni da Twyla muka ɓare masa ɓawo da gatari a inda za a yanka, don yashin da ke maƙale a ɓawo yana dakushe haƙora. Delbert ya tsaya yana duba agogo.

"Farfesa, wannan ai fere ne kuke yi kamar za a dafa shi. Kama can mu tafi."

Farfesa yake ce mini, ba don girmamawa ba. Na kama.

Duk ilimin wannan zarto kalma ɗaya ce: ja. Ka ja naka, ka saki, ɗan'uwanka ya ja nasa. Ba a turawa. Na koya wa yaran da ba su san bakwai sau takwas ba wannan cikin minti biyu. Delbert ya ja, ya ga aikin ya yi masa kaɗan, ya turo da dukkan ƙarfinsa. Gwaggo ta lanƙwashe kamar baka, mariƙin ya same ni a inda na ajiye karin kumallo.

"Ja kawai, Delbert," na ce, bayan numfashina ya dawo daga inda ya je.

"Taimakonka nake yi. Na ga ka tsufa."

"Ka bar ni na tsufa a hankali."

"Ku matsalarku ke nan, rabin ƙarfi kuke amfani da shi. In na ja kuma na tura, an ninka aiki. Kai ne fa mai lissafi."

Da yankan ya yi zurfi Twyla ta miƙo masa weji, ƙarfen da ake dannawa a bakin tsagar don kada gungumen ya haɗe ya matse zarto. Ya ce weji na masu shakka ne. Ko rufe baki bai yi ba, itacen ya yi ƙara ya haɗe, ya riƙe Gwaggo gam kamar ɗan uwa ya ga ɗan uwa. Awa biyu muka yi da gatari muna sara a hankali kafin mu ƙwato ta. Delbert ya zauna a kan kututture yana ba mu shawara.

Bayan azahar ƙaron itace ya fara manne wa zarton. Maganin wannan ɗigon kananzir ne. Twyla ta ce a miƙo kwalbar.

"Wace kwalba?" in ji Delbert.

"Wadda na ba ka ka sa a jakarka."

"Au, wannan. Na bar ta a mota, tana sa kaya wari. Amma kar ki damu, ni ba na rasa dabara."

Ya buɗe jakar. A gurbin kwalbar akwai riga mai zanen murabba'i ja da baƙi, sabuwa fil, wadda ya tanada don ranar karɓar zarto. Daga akwatin abinci kuma ya ciro man shanunmu na kwana uku, mai gishiri, ya shafe Gwaggo da shi tun daga wannan mariƙi har wancan, har katakon mariƙan, wai don su yi sheƙi. Gaskiya zarton ya ɗan yi santsi. Ƙudajen dajin ma sun yaba. Ranar itace uku muka yanke, muka ci busasshen burodi.

Da asubar Juma'a wata ƙara ta tashe ni. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Na ɗauka tsuntsun nan ne mai saran itace, har na fara yaba wa himmarsa. Sai na ji Twyla ta ƙwalla ihun da ban taɓa ji daga bakinta ba, ko ranar da Sanata ya taka ta.

Na fito na tarar da Delbert zaune, ya shimfiɗa Gwaggo a kan wani faffaɗan dutse, guduma a hannu, fuskarsa cike da natsuwar mai aikin alheri.

"Na gano matsalar," ya ce. "Shi ya sa jiya ta maƙale. Ku duba haƙoranta, wannan ya karkata hagu, wannan dama, wannan hagu. Duk a karkace! Tsohon nan idonsa ya mutu, ba wanda ya iya gaya masa. Ina miƙar da su."

Ga wanda bai sani ba, karkatar nan ita ce zarton. Da gangan ake lanƙwasa kowane haƙori, ɗaya nan ɗaya can, gwargwadon kaurin gashi biyu ko uku, don tsagar ta fi jikin zarton faɗi ya samu wurin wucewa. Orval kan yi yini uku a rumfarsa da tabarau biyu yana wannan aikin. Delbert ya warware kashi ɗaya cikin uku kafin rana ta fito. Ba za a ce ba shi da sauri ba.

"Sannan ga wasu gajeru a tsakani, sun cinye," ya ci gaba. "In na gama zan goge dogayen da magagari su zo daidai."

Gajerun su ne masu kwashe garin katako daga tsagar, kuma da gajartarsu aka ƙera su. Twyla ba ta yi masa wannan bayani ba. Ta karɓe gudumar, ta karɓe magagarin, ta zura su cikin dogon takalminta, ta je ta rungumi wuyan Sanata.

"Daɗi ne ya kama ta," in ji Delbert.

"Da alama," na ce. "Ina mariƙin wancan ɓarin?"

Muka duba. Rabinsa babu. Beguwa ba ta da abin da take so kamar gishiri, kuma wani ya shafa wa katako man shanu ya jingine shi a waje. Ta ci rabonta ta bar mana ƙaya biyu a matsayin godiya. Twyla ta sassaƙa wani mariƙin daga reshe, sai dai yadda take kallon Delbert tana fiƙe reshen ya sa na matsar da shi gefe.

Yinin Juma'a da kashi biyu cikin uku na zarto muka yi aiki. In aka ja har inda aka yi gyara, sai Gwaggo ta cije ta tsaya cak. Dole muka koma gajeren ja, kamar masu yanka burodi. Zarto mai lafiya dogayen zare yake fitarwa kamar taliya, namu kuwa gari yake zubarwa kamar an yi tankaɗe. Twyla ta naɗa Delbert shugaban kwashe rassa, muƙamin da ta ƙirƙiro nan take, ta ce sai mai hangen nesa ake ba shi, kuma a nesa ake yin sa. Ya karɓa da hannu biyu. Da haka muka ci itace goma.

Saura ɗaya ranar Asabar, kuma shi ne uban su duka. Iska ta tumɓuke shi da saiwoyinsa, ya faɗi ya gicciye turba daidai inda ake fara hango tafkin. Gindinsa yana gefe, ƙasa da duwatsu maƙale a saiwoyin, tulin ya kai ɗaki. Ni da Twyla muka fara tun da sassafe, da weji uku. Wajen hantsi saura kamar faɗin tafin hannu ya rabu, Twyla ta ce a tsaya, ta zare zarton.

"Ku saurara da kyau, musamman kai," ta ce da Delbert. "Nauyin kan itacen nan ne ya danne gindin. Da zarar ya rabu, saiwoyin za su koma raminsu, wannan guntun na gindi zai miƙe tsaye. Kada kowa ya tsaya ta wannan ɓarin. Bari na je na tsayar da mutane nesa, in na dawo mu ƙarasa."

Lallai ana jin ƙararrawar alfadarai da hayaniya daga ƙasa. Tana juya baya Delbert ya shige bayan wani dutse, ya fito cikin sabuwar rigarsa.

"Farfesa, miƙo Gwaggo."

"Me za ka yi da ita?"

"Mutane za su iso su tarar da wa a kan aiki? Gani ya kori ji."

"Ka ji abin da Twyla ta ce."

"Haba Farfesa. Kai da ka yi boko, ka taɓa ganin itacen da ya faɗi ya tashi? Ko mutum sai da addu'a."

Ban miƙa masa ba. Ina so a rubuta wannan. Da kansa ya ɗauka. Ya saɓa ta a kafaɗa, ya hau gungumen, kuma cikin ɓari biyu da Allah ya ba shi zaɓi, ya zaɓi na gindi, saboda ta nan rana ta fi haska fuska.

Mutane suka ɓullo, sun kai arba'in, da kwandunan abinci da yara da karnuka. Orval yana gaba a kan alfadari, matata Marlys tana bayansa riƙe da faranti a rufe. Twyla ta baza hannu ta tsayar da su, ta waiwayo, ta ga abin da ke kan gungumen.

"Delbert! Sauko!"

"Jama'a, barkanku da zuwa!" in ji Delbert. "Itace goma sha huɗu! Wasu sun ce ba zai yiwu ba. Wannan na ƙarshen ma na bar shi ne da gangan don ku gani da idonku. Da ƙafa ɗaya zan ƙarasa shi."

Ya ɗaga takalmi ya buga a bakin tsagar.

A nan dole na yi masa adalci. Ya ce da ƙafa ɗaya zai ƙarasa, da ƙafa ɗaya kuwa ya ƙarasa. Itacen ya yi wata ƙara kamar an karya ƙofa, kan ya faɗi gefe ya mirgina daga turba. Shi kuma gindin ya yi wani dogon nishi, ya fara tashi a hankali, cikin nutsuwa, kamar dattijon da aka kira sunansa a taro. Delbert ya zame ya faɗa zaune a kan wani guntun reshe, ya rungumi itacen da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da Gwaggo. Saiwoyin suka koma raminsu, dim! Da ƙura ta lafa, ga ƙanin matata can sama, tsayin mutum uku daga ƙasa, zarto yana lilo a hannunsa yana kuka, wuwww, wuwww.

Sai wani kare ya fara haushi.

"Delbert!" in ji Marlys. "Me kake yi a can?"

"Yaya, ina duba sauran turbar ne." Muryarsa ta ɗan yi sama ita ma. "Daga nan an fi gani. Lafiya lau take."

"Sauko to!"

"Zan sauko. Ban gama dubawa ba."

Orval ya zaburi alfadarinsa har gindin itacen, ya ɗaga kai. A fuskarsa na ga tsoro na gaske, har na ji daɗi cewa tsohon yana da tausayi.

"Kada ka sake ta!" ya ce. "Ka ji ni? In za ka faɗo ka faɗo, amma ka rataye ta tukuna. Twyla, igiya!"

Aka cilla igiya sau huɗu kafin ta sarƙe a reshen. Delbert ya ce a fara da shi, tunda shi mai rai ne. Orval ya ce irinsa ana haifa kullum, ita kuwa an daina ƙerawa. Jama'a suka ga hujjar tana da ƙarfi. Aka zuro Gwaggo a hankali, mutum uku suka tarbe ta.

Orval ya sauka, ya ɗora ta a kan gwiwoyinsa. Ya shinshina.

"Man shanu?"

Ya dubi mariƙin reshe, ya dubi Twyla, Twyla ta dubi sama. Sannan ya sa babban yatsa ya fara bin haƙoran ɗaya bayan ɗaya, hagu, dama, hagu, dama, har ya iso inda babu hagu babu dama. Ya tsaya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ba sai ka gode ba, tsoho," aka amsa daga sama. "Saura kashi biyu. Da ba a ƙwace mini guduma ba da na gama."

Na sha ganin mutum ya yi fushi ya kama rawar jiki. Ranar na fara ganin wanda fushi ya tsayar wa da rawa. Orval ya miƙa hannu, Twyla ta zaro ƙaramar gudumar daga takalminta ta ɗora masa. Ya jingina haƙorin farko a bayan gatari, ya daidaita, ya ba shi ɗan bugu ɗaya. Ƙwas. Ya ɗaga zarton ya hanga da ido ɗaya. Ya koma na biyu. Hannun nan da ya kasa riƙe kofin gahawa ranar Talata ko gezau bai yi ba.

"Tsoho," in ji Delbert, "maganar miƙa zarton fa? Jama'a suna jira."

"Na fasa," in ji Orval, bai ko ɗaga kai ba. "Na ɗauka na gama aikina a duniya. Ashe muddin kana yawo da guduma ban isa na huta ba, ban ma isa na mutu ba. Twyla, daga Litinin kullum ki zo rumfata da safe. Sai kin iya gyara irin wannan ɓarnar ido rufe, sannan Gwaggo ta zama taki. Ki sayo kwaɗon kulle rumfa kuma, babba."

Twyla ta cire hularta ta mayar, abin da a wurinta ya kai kuka da guɗa.

An sauko da Delbert daga baya. Ba a yi gaggawa ba, don masu riƙe igiya sun ce abinci zai huce, kuma shi da bakinsa ya ce bai gama dubawa ba. Marlys ta ɗaura masa yankan kek a igiya aka ja masa sama. Da aka zuro shi, a bayan Sanata ya sauka, Sanata kuwa ya ga kayan ba na ɗauka ba ne, ya sauke shi a bakin tafki, ta ɓangaren ruwa.

Bana shekara uku ke nan. Orval yana nan yana wasa zarto, Twyla tana gefensa da nata tabarau. Delbert ya bar ƙungiya, wai ya ba matasa dama. Duk wanda ya shiga shagonsa sayen katifa sai ya ji labarin yadda likitoci suka gaza da hannun Orval, shi ya warkar da shi cikin kwana uku da guduma ɗaya. Na juya maganar ta kowace fuska, kamar yadda na saba da amsar ɗalibin da ban yarda da shi ba. Hanyar da ya bi duk kuskure ce, amma amsar ta fito daidai, kuma har yau ban samu inda zan sa jan biro ba.